Hannun Inna a Bayan Wardi

"Makaho ne kai, Izzuddeen? Ka ce min makaho ne kai, in san inda dare ya yi min!"

Na miƙa masa wayata har ta kusa taɓa masa hanci. Muna tsaye ne a bakin tur'a, hanyar ruwan da ta bi ta bayan gidanmu ta nufi gonakin auduga. Hannuwansa duk baƙin mai, don daga kan gyaran injin ban-ruwa na taso shi, ko sallama ban yi ba.

"Ya salam, Ibtisam... mi ya yi zafi? Ai hoton wardin Baba ne da na sa jiya."

"Dubi bayan furen."

"Ganye ne."

"Bayan ganyen, bawan Allah! Buɗe idonka!"

Ya goge yatsunsa a wando, ya ja hoton ya ƙara girma. Ya ƙura masa ido.

Furen dai ga shi nan, ja wur, da raɓa a jikinsa. Amma can bayansa, dishi-dishi, ga farin mayafi, ga hannu riƙe da buta. A bayan hannun akwai tabon ƙunar da kaskon kisra, wainar dawa mai faɗi da take saidawa, ya yi wa Innata tun ban san kaina ba. Duk wanda ya taɓa sayen kisra a ƙauyenmu na yankin Jazira ya san hannun nan. Gara ma a ce fuskarta ya ɗauka.

"Innalillahi... Wallahi ban gan ta ba! Habibti, idona na kan furen!"

"Kada ka ƙara ce min habibti! Inna na cikin takaba, kai kuma ka ɗauke ta ka kai ta kasuwa!"

Takaba a garinmu ba wasa ba ce. Tun da Babana, Malam Sodangi, ya rasu, Inna ke zaune ɗaka kan tabarma cikin farin ƙyalle, ba turare, ba lalle, ba kwalli. Namijin da ba muharraminta ba, ko inuwarta ba a so ya gani. In kuwa idon namiji ya faɗa kan mai takaba a waje, tsofaffinmu cewa suke ta karye, sai a sake sabon lale.

Saura 'yan kwanaki Inna ta fita takaba. Bayan fitarta kaɗan anka sa ɗaurin aurena da Izzuddeen. Shela ma, kayan da dangin ango ke kawowa, tana nan jibge a ɗakina.

Babana ya yi aiki a lambunan Makwar, gindin madatsar ruwa, can ya kwaso son furanni. Da ya aje aiki sai ya killace bayan gida da danga, ya cika shi da ful da rihan da jahannamiyya. Mutane na wucewa suna masa tsiya: "Malam, da wanne ake kaɗa miya?" Izzuddeen kaɗai ne ba ya dariya. Yana da wata tsohuwar kyamara da ya saya a kasuwar Wad Madani, sai ka gan shi kwance rub-da-ciki a ƙasa yana jiran ƙudan zuma ya sauka. Ni da farko na ɗauka don ni yake zuwa. Ashe don ful ne! Sai daga baya na ƙwace shi.

Akwai wani wardi da Baba ya kawo reshensa daga garin Kamlin. Shekara da shekaru yana masa ban-ruwa, shi ko ya ƙi fure fur. Yana kwance ciwon ajali ya ce wa Izzuddeen, "In ya buɗe ka ɗaukar min, ko ina nan ko ba ni." Sai bana, sanyi na janyewa, mangwaro na huda, abin ya buɗe. Izzuddeen bai shigo mana gida ba, ta wajen danga ya tsaya ya janyo furen da kyamara, ya sa a Fesbuk da addu'a ga mamaci.

"Alkawari na cika, Ibtisam..."

"Ka cika alkawarin wanda ya tafi, ka tona asirin wadda ke nan! Goge shi!"

"Na goge. Ga shi, kin gani, na goge."

"A taka wayar. A wayar Gwaggo Yalwa fa?"

Ban jira amsa ba na juya.

Ko da na iso gida, tsakar gidanmu ta cika da mata. Matan da tun sadakar uku ko kofin kunu ba su aiko wa Inna da shi ba, yau ga su sun baje a inuwar rakuba, rumfar tsakar gida, har da mai dafa gahawa a jabana! Kowace da waya a hannu, suna miƙa wa juna suna jinjina kai.

Gwaggo Yalwa, yayar Babana, ita ke tsakiya kan angarib, gadon igiya.

"Ga ɗiyar nan! Taho ki ga abin da angon naki yai muna. Ƙasar kabarin ƙanena ba ta bushe ba, matatai na yawon shaƙar hure!"

"Gwaggo, lambun gidanta ne fa. Taku kaɗan daga ƙofarta."

"Ko taku guda na! Maza sun gan ta ko ba su gan ta ba?"

"Hannu sunka gani..."

"Hannun ba jikinta yake ba? Takaba ta karye, sai ta sake. Shi kau yaron, Baffanki na zuwa."

Na dubi labulen ɗakin Inna. Ko motsi bai yi ba. Raina ya yi baƙi ƙirin, har na rasa wa zan fara shaƙewa, Izzuddeen ko Gwaggo ko mai jabanar.

Bayan la'asar Baffa Attahiru ya iso. Ƙanen Babana ne, shi ne waliyyina. Ya sa anka kira Izzuddeen, anka shimfiɗa musu tabarma bakin zaure. Izzuddeen ya zo ya durƙusa, ya aje kyamarar a gaban Baffa kamar ɓarawon da ya maido akuya.

"Baffa, na yi kuskure. Wallahi ban..."

"Ba rantsuwa na kira ka yi ba. Mun ba ka ɗiya don muna ganin kana da kunya. Wanda ke leƙen dangar surukai tun bai shigo ba, in ya shigo mi zai yi? Gobe ku aiko a ɗauki shelarku. Khalas."

Ban san lokacin da na fito daga bayan ƙyaure ba.

"Baffa, wa ya fara ganin hannun?"

"Ke! Wa ya kira ki?"

"Wanda ya ɗauki hoton bai gan shi ba! Ni kaina sai da anka nuna min! Sai mutum ya sa yatsu biyu ya ja, ya ƙara ja, ya ƙura ido, kana ya ga tabon. Maza nawa sunka yi haka yau a gindin itacen nim ɗin kasuwa? Wa ya aike su? In kallon mai takaba laifi ne, su wa ya fasa musu aure?"

"Ibtisam!"

"Kai ma an nuna maka, Baffa, kuma ka duba!"

Mata sunka ɗauki salati. Gwaggo ta dafe ƙirji tana kiran sunan Babana.

Baffa ya miƙe.

"Ni kike hwaɗa wa haka?"

"Ka tambayi liman! A wa'azi ya ce mai takaba na iya zaga gidanta, ba inda anka ce ta sake!"

"Liman na da littahi, mu muna da gari. Ko don bakin nan naki an fasa!"

"Ibtisam, don Allah ki yi shiru," in ji Izzuddeen, kansa a ƙasa. "Baffa, ni na yi laifi. Ku yi min duk hukuncin da kunka ga dama, amma kada a ƙara wa Inna ko kwana guda..."

Haushi ya ƙara turnuƙe ni. Ina nan ina yaƙi a kansa, shi yana miƙa wuya! Na buɗe baki zan haɗa da shi, sai na ji murya daga bayan labule.

"Ibtisam."

Muryar Inna ce. Mai takaba ba ta magana da maza, sai dai ta aiki wani. To ni Inna ta aika, amma da muryar da har bakin zaure ana ji.

"Ki gaya wa Baffanki, yaron ga bai shiga gidan kowa ba. Ni na fita da ƙafata."

"Inna..."

"Ki gaya wa Gwaggonki na ji, na karɓa. Gobe da safe in sake takaba daga farko."

"Wallahi ba zan faɗa ba!"

"Ki kuma gaya masu shela ba ta fita gidan ga. Ubanki da bakinsa ya ba da ke, ina zaune. Wanda ke jin kunyar mamaci, ya fara jin kunyar maganarsa."

Ban isar da saƙon ba, amma ba wanda bai ji ba. Baffa ya juya. Ya dubi Gwaggo. Ita ko ta samu abin da ta zo nema, sai gyara tob ɗin da ta yafa take.

"In ta sake, an wanke," in ji Gwaggo.

Baffa ya zura takalmansa.

"A bar kayan. Aure sai ta fita." Ya ture kyamarar da gefen ƙafa. "Kai kuma ɗauke wannan abu daga gabana."

Shi ke nan fa. Sunka watse kowa ransa fes, har ana tambayar wa ya ga murfin jabana. Wata huɗu da kwana goma! Cikin zafin bazarar Jazira, lokacin da ko ƙadangare ke neman inuwa, uwata za ta zauna a ɗaki mai taga guda saboda hoton fure.

Izzuddeen na jirana a bakin ƙofa, idonsa jajir.

"Ki yafe min, Ibtisam."

"Ban yafe ba."

"To... kin fasa?"

"Wa ya ce maka na fasa? Bayan abin da Inna ta ɗauka a kanka? Zan aure ka, Izzu, ko kana so ko ba ka so. Amma ban yafe ba tukuna!"

Ya yi dariya hawaye na zuba. Na rufe ƙofar da ƙarfi don kada ya ga nawa.

Na tarar da Inna kan tabarmarta tana jan carbi, kamar ba ita ta girgiza gida yanzu ba. Na zube gabanta.

"Don mi, Inna? Kin san ba addini ba ne! Kin san son ransu ne!"

"Na sani."

"To don mi za ki ba su?"

"Da in rasa watanni, da ki rasa mutum, wanne ya fi sauƙi? Na san yadda rashin mutum yake, ke ba ki sani ba."

Na kifa kaina a cinyarta na yi kukan da nake riƙewa tun safe. Ta bar ni sai da na gaji.

"Mi ya fitar da ke, Inna? Da kin ce in yi wa wardin ban-ruwan..."

"Ta taga na hango ja. Kullum asuba ubanki sai ya je ya duba, ya dawo ya ce min, Mairama, yau ma bai yi ba. Ranar da ya yi, in zauna in ce ban gani ba?" Ta aje carbin. "Kowa a garin ga ya ga hoton nan ban da ni. Nuna min."

Na yi jinkiri, sai ta miƙo hannu. Na buɗe na ba ta.

Ta riƙe wayar da hannu biyu, ta matso da ita kusa da taga. Ba ta ja hoton ba, ba ta ƙara masa girma ba. Kallo kawai take, har hasken wayar ya mutu, na sake kunna mata.

"Ki ce wa yaron ya kai Wad Madani a wanke min shi. Babba."

"Inna! Wannan da ya jawo mana duk masifar nan?"

"Tun da anka kawo ni gidan ga, ubanki bai taɓa yarda mun tsaya gaban mai hoto tare ba. Wai kunya." Ta ɗora yatsa kan furen, ta gangaro da shi kan hannunta. "To ga shi nan, ga ni nan."

Ta ja farin mayafin ta rufe fuskarta, wayar na ƙirjinta, ba ta maido min ba.