Batirin da Bai Lotsa Ba

Bayan sallar Juma'a aka gano an taɓa takardar. A shagon buga takardu na Malam Isma'ila da ke Ƙofar Gayan, Tayyiba ta buga yarjejeniyar iyakar gonar wasu marayu da safe, iyaka a gindin tsamiya. Da aka fitar da takardar daga kwamfuta, sai ga iyaka ta koma bakin rijiya, rabin gonar ya tafi. Dangin marayun suka ce a kulle Tayyiba.

Sajan Dogara, ɗan sandan da aka kira, bai yi gaggawa ba. Mutum uku ke da makulli: Tayyiba, Malam Isma'ila, da Aƙilu, tsohon akawu mai ajiye kekensa a ciki. Dogara ya taɓa mawus ɗin da ake sarrafa kwamfutar da shi, marar waya ne, bai yi aiki ba. Ya zaro batirin. Takardar jikinsa ta yage, ga kartar haƙori a ƙarfen.

“Malama, in ya mutu me kike yi?”

“Mai caji ne, yallaɓai. In ɗauko ɗan'uwansa a durowa, in sa wannan a caji.” 

“Malam Isma'ila fa?”

“Ni na sayo su. Na gaji da na yarwa, wata biyu sun mutu.”

Aƙilu na tsaye a bakin ƙofa, rediyo a hammata, gefen rawani a bakinsa.

“Baba, wane batir kake sa wa rediyon nan?”

“Na yarwa mana. Ina wutar da zan yi caji?”

“In ya yi sanyi ana tsakiyar labarai fa?”

Aƙilu ya ƙara jan rawanin kan bakinsa.

“Cizawa ake yi,” in ji Dogara a hankali. “Ni ma ina yi. Na yarwa mai arha yana da laushi, in ya lotsa sai ya ɗan farfaɗo. Wannan kuwa ƙarfe ne. Mawus ya mutu maka kana cikin gyaran, ba ka san akwai wani a durowa ba. Waɗannan biyun sun sani. Sauke rawanin, Baba.”

Ya sauke. Haƙorin gaba ya ɓalle, leɓen da ɗanyen jini.

“Gonar da ke bakin rijiyar ta surukin Aƙilu ce,” in ji Malam Isma'ila, bai ɗago kai ba.

Tayyiba ta jawo durowa, ta sa batirin da ke da caji, ta mayar da iyaka gindin tsamiya.