Gilashin da Ba Ya Zuƙowa

Ranar da za mu ɗauki hoton ɗakin marigayiya Inna, mahaifiyarmu, Yaya ne ya makarar da mu. Na je shagonsa tun la'asar, na tarar yana kafa hannun wata riga, ya ce in jira. Yaya kuwa in ya ce ka jira, ko wuta ce ta kama maka wando sai ka jira. Kafin ya lulluɓe keken ɗinki ya datse shago, rana ta yi ja.

Washegari katafila za ta shiga tsohuwar unguwarmu, titi za a fitar. Kowa ya kwashe nasa ya yi gaba. 'Yata da ke aiki a wani gari mai nisa ita ta matsa mini a waya: "Baba, kada a rushe gidan Kaka ba ni da hoton ɗakinta. Kuma Baffa ya zauna a ciki."

Ita ce dama ta aiko mini da kyamarar. 'Yar ƙarama ce, tana shiga aljihun rigar fentina. Ta ce irin ta yanzu ce, babu madubi a cikinta, shi ya sa ba ta da nauyi, kuma in ka ga dama ko ƙas ba za ta yi ba. In ka kafa ido a 'yar tagarta, ba duniya kake gani kai tsaye ba, ɗan talabijin ne, abin da ita ta gani take nuna maka. Tana gane fuskar mutum da kanta, sai ta ɗora wani ɗan koren akwati a kan idonsa. Gilashin gabanta kuwa ɗan falale ne kamar murfin kwalba. Na juya, na juya, na ce mata a waya wannan ai ba ya zuƙowa, an cuce ki. Ta yi dariya ta ce, "Haka aka yi shi, Baba. In kana son abu ya girma, da ƙafarka za ka je wurinsa."

Ni mai fenti ne, boko a firamare muka raba gari da shi. Amma kyamarar da ba ta ƙara ta faɗo hannun da ya dace. Na ɗauki maƙwabcina yana gyangyaɗi ƙuda na leƙa masa baki. Na ɗauki matar Yaya tana satar nama a tukunyarta ta kanta. Duk layinmu babu wanda ban kama ba, kuma babu wanda bai yi dariya ba, sai mutum ɗaya.

Shekara hamsin da ɗoriya ina farautar dariyar Yaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya yi mini aure. Na ɗaure masa takalma, na sa masa gishiri a shayi, na ɗinke masa aljihu da kekensa. Abin da nake samu bai wuce tsaki ba, da "Auta, yaushe za ka girma?"

Muka shiga unguwar ana shirin magariba. An ciccire ƙofofi da tagogi, gidaje sun yi wangam kamar bakin tsoho. Kowane bango an zana masa jan gicciye, kuma wanda ya zana ko burushi bai iya riƙewa ba. Babu yaro, babu akuya. Sai ƙurar siminti da zarnin kuliyoyi, sai kwanon rufi yana ɗan ƙara yana hucewa daga zafin rana. Yaya na gaba da tocila, yana taka ɓaraguzai a hankali saboda gwiwarsa.

Na san halinsa. Ko kangon da ba kowa ba ya shiga sai da sallama. Sai na sulale ta katangar baya da ta zube, na riga shi shiga, na laɓe a bayan ƙofar ɗakin Inna.

Na ji ya tsaya a bakin gida. Ya gyara murya.

"Salamu alaikum."

Na matse maƙogwaro, na fitar da muryar Inna, har da 'yar rawar nan da take yi a ƙarshen magana.

"Wa'alaikumus salam. Kai ne, Tela?"

Tocila ta faɗi ta fashe. Na leƙo ina danne dariya, sai na ga fuskarsa a ɗan sauran hasken da ya rage. Na zaci tsoro zan gani. Murna na gani. Dattijo mai furfura ya buɗe ido kamar yaron da uwarsa ta dawo daga tafiya. Sannan ya hango ni.

Bai yi tsaki ba. Da ma tsakin ya yi.

"Uwar taka ma ba ka ƙyale ba," ya ce a hankali. "Ɗauki hotonka mu tafi."

Ɗakin Inna tsukuku ne, dogo. An bar wani tsohon benci inda gadonta yake a da. Har lokacin in ka ja numfashi kana jin man zafin da take shafa wa ƙafa, ya kama bango ya ƙi fita. Yaya ya zauna a bencin, ya gyara hula, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Ba ya kallona, kyamarar yake kallo.

Gilashin ba ya buɗewa ya ɗebo ɗaki duka, don haka na yi ta ja da baya har dugadugaina suka daki dokin ƙofa. Nan na tsaya. Duhu ya riga ya cika ɗakin, da ido Yaya inuwa ne kawai. Amma da na kafa ido a tagar kyamara, sai ga komai tas, ta haskaka shi kamar da hantsi. Koren akwati ya sauka a idonsa na hagu.

Na danna.

Ƙas.

Tawa ba ta ƙara. Na kashe mata murya tun ranar da ta zo.

Na ce kwanon rufi ne. Na sake saita hannu. Sai na ga akwati na biyu, can ƙarshen ɗakin, a kusurwar da Inna ke jingine tabarmi. Ɗan ƙarami, bai fi ƙwayar wake ba.

Ban damu ba. Kyamarar tana ruɗewa wani lokaci. Ta taɓa ɗora akwatin nan a gaban wata bas, fitilu biyu da bamba ta ɗauka mutum ne. Na janye ido na duba kusurwar. Bango ne da shatin ruwa.

Na mayar da ido.

Ya kai girman kwabo.

Na dubi ƙafafuna. Dugadugaina na nan manne da dokin ƙofa. Ban matsa ba. Gilashin kuma ba ya zuƙowa.

To shi ke tahowa.

Warin man zafi ya ɗauke. Wani wari ya maye gurbinsa, kamar an jiƙa tsohon ƙarfe, kamar ƙasan rijiya.

"Yaya," na ce ƙasa-ƙasa. "Taso."

"Ka ɗauka?"

"Taso tukuna. Akwai wani a bayanka."

"Allah ya shirye ka."

"Wallahi, Yaya."

"Wallahinka nawa na ji?"

Cikin akwatin babu komai da farko. In haske ya yi ƙaranci, hoton yakan yi yashi-yashi, ɗigo-ɗigo suna motsi kamar tururuwa. To, a cikin akwatin nan tururuwar taruwa take yi. Ta bar ramuka biyu baƙaƙe. Ta ja layi a ƙasansu.

Yatsana ya danna da kansa.

Ƙas.

Harshe ne. Wani ne yake buga harshe a ganɗa, yana kwaikwayon kyamara.

Yanzu akwatin ya kai na Yaya girma. Yana daidai kafaɗarsa. Layin bakin ya lanƙwasa ƙasa, ya ɗan karkace hagu, irin yadda Yaya ke yi in ya ɓata rai. Ramukan suka ƙanƙance. Goshin ya tattare.

Koyon fuskarsa yake yi.

"Don girman Allah, Yaya. Don darajar Inna."

"Kada ka ƙara kama sunanta."

Na ce in ruga in fizgo shi. Amma in na cire ido daga kyamara ba na ganin abin, in na bar ido ba na iya tafiya. Akwatin idon Yaya ya fara ƙyafƙyaftawa, yana zuwa yana ɗaukewa.

Sai aka yi magana, dab da kunnensa.

"Kai ne, Tela?"

Ba muryar Inna ba ce. Tawa ce. Kwaikwayon da na yi ɗazu, har da inda maƙogwarona ya sarƙe.

Yaya ya ɗago a fusace. "Ka sake?"

Ya ga bakina a rufe.

Ya waiwaya.

Akwatunan biyu suka haɗu suka zama ɗaya.

Ƙas.

Sai ga wasu. Ɗaya a jikin taga. Ɗaya a silin. Biyu a ƙasan benci. Ƙanana, korra, kamar an watsa wake.

Duk suna girma.

Na saki kyamarar ta daki ƙirjina. Na afka cikin duhu, na laluba, na cafki hannun Yaya. Babu nauyi, kamar hannun rigar da ba kowa a ciki. Na ja.

Wani abu ya hura mini sanyi a ƙeya.

Na buga goshi da katakon ƙofa, ban tsaya ba. Ina ta jawo karatun da na guje wa ina yaro, wannan aya ta shiga waccan. A bayanmu harsuna na bugawa, ƙas, ƙas, ƙas, daga kowane ɗaki, daga kowane kango, har ƙarshen layi.

Ban saki hannunsa ba sai a babban titi, ƙarƙashin fitila, inda motoci ke wucewa ana sayar da lemo. Na durƙusa ina haki, jini na shiga mini ido. Yaya na tsaye a kaina. Mai ciwon gwiwa ya yi wannan gudun, ko numfashinsa bai sauya ba.

Ya dubi goshina. Ya dubi takalmina ƙafa ɗaya.

Ya fashe da dariya.

Har da riƙe ciki, har da hawaye. Abin da na nema tun ina tatata, ga shi an zube mini a titi, sai na kau da kai.

Hotunan ba su nuna komai ba. Yaya a benci, bango a bayansa. 'Yata ta wanke ɗaya ta sa a firam, ta ce Baffa ya yi kyau, sai dai ya cika ɗaure fuska.

Yanzu ba ya ɗaurewa. Kullum cikin raha yake. Matarsa ta tare ni a ƙofar gida tana washe baki: "Ƙanin miji, me ka ba yayan naka ne? Ka ƙaro mana, tsufa ya zo da sauƙi." Shago ya daina buɗewa, ya ce allura ta gundure shi. Ba wanda ya lura gwiwar ta warke. Ba wanda ya lura yana faɗawa gidan mutane babu sallama. In mun haɗa ido a taro, sai ya ɗan buga harshe, yadda ni kaɗai zan ji.

Na faɗa wa matarsa. Na faɗa wa 'yata. Na faɗa wa abokan zamana a bakin shagon mai shayi. Maƙwabcina ya yi dariya har ya ƙware, ya ce duk cikin tsiyatakuna wannan ta fi tsaruwa. Na rantse, suka ƙara shewa. Da hannuna na kashe kasuwar rantsuwata, yanzu na zo da gaskiya babu mai saye.

An shimfiɗa kwalta a unguwar. Inda ɗakin Inna yake, yanzu tsakiyar titi ne, kusa da wani turken fitila. Wata rana da yamma na je na tsaya a gefe, na ɗaga kyamara haka kawai.

Koren akwati ya sauka a iska, daidai tsayin mutumin da ke zaune a benci. Motoci na ratsa shi. Bai girma ba, bai ragu ba. Yana nan inda ya zauna, yana jiran a ce an ɗauka.

Na daina ɗaukar masu gyangyaɗi. Kullum in na tashi daga aiki, da fenti a hannuna, can nake zuwa. In motoci sun tsagaita sai in taka da ƙafata har wurin, tunda gilashin ba zai kawo mini shi ba. In durƙusa a kan kwalta, direbobi na zagina, in yi sallama da muryata ta gaskiya.

Ba ya amsawa.

Da haka nake gane shi ne. Har yanzu fushi yake da ni.