Hancin Zulaiha

Zulaiha na tsakar gida tana gugar atamfofin da mahaifiyarta za ta fita da su kasuwa, Gwaggo Ikilima ta yi sallama. Yayar mahaifin Maharazu ce, saurayin Zulaiha, kuma a danginsu ba a kai lefe sai ita ce a gaba. Duk Zongo an san bakinta.

Ta zauna, ta sha ruwa, ta ƙare wa yarinyar kallo.

"Ramlatu," ta ce da uwar, "wa ya yi wa 'yarki wankan jarirai? Ko sau ɗaya ba a gasa hancin nan an ja shi ba. Mu gidanmu dogon hanci ne gadonmu. Akwai wata dokta a unguwar Fidjrossè da ke gyarawa. In an gyara, in ɗauko balis, akwatin lefenku. In ba a gyara ba, ƙafata ciwo take."

Zulaiha ta yi kuka ranar har idonta ya kumbura. Tana son Maharazu, son da ba ta iya ɓoyewa, don haka washegari ta hau zemijan, babur ɗin haya, ta tafi wurin doktar.

Doktar ba ta taɓa wuƙa ba. Foto ta ɗauke ta, ta sa a odinata, wato kwamfuta, ta dinga jan hancin a hankali har ya miƙe ya yi siriri.

"Kusan haka za ki koma," in ji ta. "Ki je da shi gida ki yi tunani, ba na son gaggawa."

Yarinyar cikin hoton ta yi kyau, wannan ba musu. Sai dai Zulaiha ta ji kamar baƙuwa ce ta ari ɗankwalinta.

Da Maharazu ya zo zance ta miƙa masa ba tare da bayani ba. Ya juya hoton, ya dube ta.

"'Yar uwarki ce daga Kano? Ba laifi. Amma da ita ce ta zo tashar motarmu ranar da muka haɗu, tikiti kawai zan yanka mata."

Dariya ta ƙwace mata, hawaye na biye. Da ya ji labarin ya miƙe zai je wurin gwaggonsa, ta ce ya zauna, fuskarta ce, ita za ta je.

Ta sami Gwaggo cikin matan gidan ana tsintar shinkafa. Ta durƙusa har ƙasa, ta gaishe su, ta ajiye hoton a gabanta.

"Yauwa," Gwaggo ta washe baki. "Ga amarya."

"Gwaggo, na tambayi dokta abu ɗaya. Ta ce wuƙarta ba ta kai wa ga 'ya'yan da zan haifa. In Allah ya ba ku jika da irin hancina, ku ne za ku yi masa wanka. Shi ma Fidjrossè za ku kai shi, ko kuwa ƙafarku za ta yi ciwo ranar suna?"

Tsintar shinkafa ta tsaya. Gwaggo Ikilima ta ture hoton gefe. Ita ta wanke duk wani jariri na wannan zuri'a, kuma ba a taɓa jin ta kushe ko ɗaya ba.

"Jikana ba mai sa masa wuƙa," ta ce a ƙarshe, murya ƙasa-ƙasa.

"Ni ma jikar wata ce, Gwaggo."

Ranar Asabar aka kawo lefe. Gwaggo ce a gaba, tana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa ita da kanta ta zaɓo wa ɗansu yarinya mai hankali. Ramlatu ta bar ta da wannan, don ranar ita uwar amarya kanta ya fi na kowa girma a unguwar.

Yarinyar da ta san darajar kanta, ta kuma faɗe ta cikin ladabi, ba ta rasa miji ba, ba ta rasa fuskarta ba.