Tsohon da Ya Zo Jin Ɗumi a Ramin Darma

Ku matso, ku rage murya. Labarin Balaraba ne, 'yar Gwaggo Asabe ta Malumfashi, wadda ta yi aiki a Turai.

Wurin aikinta a ƙarƙashin ƙasa yake, wani dogon rami zagayayye, da bututu a tsakiyarsa. Cikin bututun ake harba ƙwayoyin zarra na darma, wasu ta dama wasu ta hagu, su yi karo da gudu kusan na haske. In sun haɗu sai su narke, su zama ɗigon wani abu kamar kunu, wanda ya fi cikin rana zafi sau dubu ɗari. Masana sun ce haka duniya take a farkon halittarta. Kafin ƙiftawar ido ya huce. Aikin Balaraba shi ne ta auna shi.

Ran nan da hantsi aka kashe injin. Bututun kewaye yake da maganaɗisu masu sanyin da ya wuce ƙanƙara, amma ma'auni ya nuna wuri ɗaya yana ɗumama. In ya ci gaba, iskar da ke sanyaya su za ta fashe ta cika ramin, duk mai rai a ciki ya shaƙe. Abokin aikinta Tomas ya tsaya haɗa kayan gyara. Ita ta kasa zama. Ta tashi, ta zauna, ta sake tashi, ta sauka ita kaɗai.

Ƙasa shiru. Sai takunta. Ta wuce fitila goma, ta wuce ashirin. Gumi ya fara tsattsafo mata a wurin da kullum sai da rigar sanyi.

A lanƙwasar ramin ta gan shi. Tsoho ne a tsugune, da farin mayafi, ya ɗora tafin hannunsa kan bututun.

"Sannu, 'yata."

Da Hausa. Leɓensa ya rufe tukuna, sannan muryar ta iso.

"Yauwa, Baba," ta ce. Bakinta ne ya amsa, ba ita ba.

Ta dubi ƙasa. Babu takalmi a ƙafarsa. Fentin da ke ƙarƙashin dugadugansa yana tafasa, yana ƙananan kumfa.

"Ku ke hura wutar nan?"

"Mu ne."

"Me ya sa kuke kashewa da wuri?"

"Ba mu ke kashewa ba, Baba. Da kanta take hucewa."

Ya jinjina kai. "Haka ta yi mana wancan karon ma, a farkon duniya. Tun daga ranar nake jin sanyi."

Bututun ya fara kuka, siriri, kamar buta a kan murhu. Can baya ta ji ƙarar ƙofar ƙarfe. Tomas ne da mutum uku, suna saukowa.

"Baba, ka ɗaga hannunka. Akwai mutane."

"Kaɗan ya rage in ji ɗumi."

"Don Allah."

Bai motsa ba. Ta nemi addu'ar da za ta karanta. Bisimilla kawai ta samu. Ta cafki wuyan hannunsa da hannun dama ta fincike.

Ba ta ji ƙuna ba. Haske ta gani, ko'ina, babu sama babu ƙasa, babu komai mai suna. Da ta dawo hayyacinta, tsohon yana dubanta kamar mai jin kunya.

"Ba wanda ya taɓa riƙe ni," ya ce. "Riƙe abin da kika ɗauka."

Ta juya da gudu. Ta yi karo da su Tomas a bakin matakala, suna cewa ma'aunin ya koma daidai. Suka je wurin. Sawu biyu suka tarar, baƙi ƙirin a kan siminti.

Bayan wata uku ta ajiye aikin ta dawo gida. Har yau hannun damanta bai huce ba. Bara da Sallah na ga an miƙa mata ƙanƙara, kafin ta kai baki ta zama ruwa. Da 'yarta ta haihu, da hagu ta karɓi jikan. Ba ta iya zama wuri ɗaya, kullum tana zagaye tsakar gida, ta ce tsohon yana nan yana jira a sake hura wutar.

Saboda haka duk wanda karatu ya kai shi irin wannan ramin, ya jira abokin tafiya. In kuwa ya tarar da wani yana jin ɗumi, ya wuce da hannayensa a aljihu.