Sawu Biyu a Jan Yashi

"Wannan jan yashin daga ina?"

Na kife takalminsa a tsakiyar falo, yashi ya zubo a kan tayil, ja wur. Mijina ya tsaya da kofin ruwa a hannu, ya kalli yashin, ya kalle ni.

"Haba zuciyata, takalmi ne fa. Ƙasa yake takawa."

"Filin da kake koyar da tuƙi kwalta ce. Yaushe kwalta ta fara haihuwar yashi?"

"Auta..."

"Kar ka ce mini Auta! Wata uku cur, kowace Asabar ka fita da sassafe, ka dawo da rana rigarka sharkaf da gumi, kafaɗar hagu a yamutse. Ni nake wanke kayanka fa. Wa ke jingina da kai?"

Ya ajiye kofin a hankali. "Ba zan iya faɗa miki ba. Na yi alkawari."

Alkawari! Wallahi da ƙarya ya shirga mini da ta fi mini sauƙi.

Sana'ar mijina koyar da tuƙin mota ce, kuma rabin ɗalibansa mata ne. A kan haka Abba ya ƙi aurenmu tun farko. "Mutumin da zai wuni a mota da matan mutane, gwiwa kusa da gwiwa?" in ji shi. Sai da Umma ta yi da gaske ya amince, amma ya faɗa da bakinsa cewa ba zai shiga motar nan ba, ba kuma zai taka gidanmu ba. Shekara biyu bai taka ba. Ana cikin haka ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ya koma ɗaki ya rufe kansa. Ya ƙi sanda, ya ƙi fita, wai kar 'yan unguwa su gan shi yana jan ƙafa. Ran Lahadi nake zuwa gaishe shi, domin Asabar ina wurin aikina a kantin magani.

Ni da na tsaya kai da fata a kan mutumin nan, yau ni ce nake laluben aljihunsa. Kuma na samu: tikitin shiga wurin duwatsun nan na bayan gari, inda samari da 'yan mata suke zuwa ɗaukar hoto. An rubuta a jiki, mutum biyu.

Na kira Umma ina kuka. Abin mamaki, sai ta yi wata 'yar dariya.

"Ke dai akwai gaggawa. Ki bar bawan Allah ya yi aikinsa."

"Umma, mutum biyu fa aka rubuta!"

"Na ji. Tukunyata tana ƙonewa." Ta kashe.

Yayata ce kaɗai ta fahimce ni. "Ai ni tun ran farko ban yarda da shirun nan nasa ba," ta ce. "Ran Asabar ki nemi hutu. Za mu gani da idonmu."

Ranar Asabar ɗin, yana fita na haɗa kayana a jaka. Na zauna a bakin gado, na tura wa Abba saƙo: "Abba, ka yi gaskiya a kansa. Ka yafe mini. Na haɗa kayana a jaka, yau zan dawo gida."

Minti ashirin muka yi a motar Yaya. Muna isa na hango motar mijina a ƙarƙashin bishiya, da jan allon koyo a samanta. Na leƙa ta gilashi. An tura kujerar gaba baya sosai, an ɗora mata matashi.

"Har da matashi," Yaya ta ce. "Ke ya taɓa sa miki?"

Bai taɓa ba.

Mai gadin ƙofa yana yaga mana tikiti Yaya ta tambaye shi mai motar.

"Malamin tuƙi? Ai kowace Asabar yana nan. Kullum su biyu, riƙe da juna, a hankali a hankali, gwanin ban sha'awa. Ni har nakan ce..."

"Ya isa, mun gode!" Ta fizgi hannuna.

Hanyar ba wuya, an shafa kibiyoyin farin fenti a jikin duwatsu, an ce cikin awa ɗaya mutum zai zagaye ya dawo. Duwatsun kuwa ban taɓa ganin irinsu ba. Jajaye ne da ratsin rawaya, iska da ruwa sun cinye gindinsu sun bar kawunan manya-manya, wani da rami a tsakiya har kana hango sama ta ciki. Na dafa ɗaya don in huta, sai ya marmashe a tafina. Yashin da ke takalminsa ne sak.

"Duba nan!" Yaya ta durƙusa.

Sawun takalminsa ne, na san shi, dunduniyar hagu ta cinye. A gefensa akwai wani sawun da bai fito sosai ba, sai ƙananan ramuka zagayayyu, ɗaya bayan ɗaya, sun nutse cikin yashi.

"Takalmi mai tsini," in ji Yaya. "A cikin duwatsu! Lalle yarinyar nan 'yar gayu ce. Ki ga yadda take jan ƙafa ma, yanga kenan."

Na bi ramukan nan da ido ina hawaye. Har kamanninta na zana a raina, doguwa, fara, mai dariya ƙasa-ƙasa. A wani wuri sawun ya tsaya gaban wani faffaɗan dutse, alamar sun zauna. Bayan 'yan taku kaɗan sun sake zama.

Inda hanya ta matse tsakanin duwatsu biyu, sai na ji muryarsa. Muryar nan mai sanyi da yake koyarwa da ita, wadda ta sa na fara son sa ranar da yake koya mini tuƙi na kashe masa mota sau tara.

"A hankali... kar a kalli ƙafa, a kalli gaba. Yawwa! Ina riƙe, ba zan saki ba."

Ban san lokacin da na zagaya dutsen a guje ba.

"Munafu..."

Sauran kalmar ta maƙale.

Abba ne. Abbana, tsaye da ƙafafunsa, gumi yana bin gemunsa. Hannunsa na dama yana rataye a kafaɗar hagun mijina, na hagu yana riƙe da sanda. Na kalli bakin sandar, ya nutse a yashi, ya bar ɗan rami zagayayye.

Yaya ta iso tana haki. "Ina take? Ina... Innalillahi! Abba?"

"Ga kishiyar taku," Abba ya ce. "Ku zaunar da ni."

Mijina ya zaunar da shi a kan dutse, ya gyara masa ƙafa, ya buɗe gora ya kai masa baki. Bai kalle ni ba ko sau ɗaya.

"Shi ya zo da kansa," Abba ya ce, maganarsa a hankali saboda ciwon. "Sau huɗu ina korarsa. A na biyar ya ce ya san wurin da ba wanda ya san ni, kuma ƙasar da laushi ko na faɗi. Ranar farko taku shida na yi. Na ce kar ya faɗa wa kowa sai uwarku, ban so ku sa rai in ba ku kunya. Na so ranar da zan zo gidanki, Auta, in shigo da ƙafata."

Na durƙushe a yashi. "Abba, na tura maka wani saƙo da safe. Don Allah kar ka buɗe..."

"Hannun nan ba ya riƙe waya. In mun fito, a aljihunsa take zama." Ya nuna mijina da haɓa. "Shi yake karanta mini saƙonni."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ya karanta mini tsaf, bai tsallake ko kalma ɗaya ba. Na ce mu juya, in je in faɗa miki da bakina. Ya ce a'a, yau ne za mu kai dutsen mai rami, ba zai katse mini ba. Muryarsa tana rawa, amma hannunsa bai sake ni ba."

Na rarrafa na kama gefen rigar mijina, daidai inda ta yamutse. "Masoyina... ka yafe mini. Wallahi kishi ne ya rufe mini ido."

Sai yanzu ya dube ni. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Zargin bai dame ni ba, zuciyata, ni na ja shi. Jakar ce. Da gaske kin haɗa kaya?"

Na gyaɗa kai ina kuka.

"Tana but ɗin motata," Yaya ta ce a sanyaye. "Ni na zuga ta. Ni da na ce takalmi mai tsini ne."

Abba ya ɗaga sandarsa ya duba bakinta, sai ya fashe da dariya har da tari. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ya kwanta.

Da ya lafa sai ya kalle ni sosai. "Kin rubuta cewa na yi gaskiya a kansa. Ban yi ba, Auta. Goge saƙon nan." Ya miƙa wa mijina hannu. "Ɗaga ni, ɗana. Saura taku nawa?"

Shekara biyu ina jiran kalmar nan. Mijina ya juya kai ya share ido da bayan hannu.

"Arba'in, Abba."

"To mu je. In mun gama, a mayar da jakar nan inda aka ɗauko ta. Ni zan raka ta har cikin falo."

Mijina ya sa kafaɗarsa, ni na koma ɓangaren sandar, muka fara ƙirgawa tare.