Kwalbar Ko-ta-kwana

Sufeto Badaruddeen bai iya ruwa ba. Ko a rafin garinsu bai taɓa yarda ruwa ya wuce masa gwiwa ba. Sai ga shi ranar Talata da hantsi an bugo waya caji ofis, wai mutum ya nutse a tsohon ramin fasa dutse da ke bayan Kubwa, kuma samarin unguwa na shirin kashe wanda suka shiga tare.

Ya ɗauki Sajan Larai da kurata biyu, suka nufi wurin.

Ramin ya daɗe da cika da ruwa, kore shar, ana cewa zurfinsa ya kai bene mai hawa goma. Wata tifa ce ta zame ta faɗa ciki, mai motar ya ɗauko masu nutso su ɗaura mata sarƙa. Biyu suka sauka da tukwanen iska a baya, ɗaya ya fito.

Wanda ya fito ɗin, Silas, yana tsugune jikin wata tsohuwar mota, leɓensa a fashe. Larai ta ratsa samarin da ke riƙe da duwatsu, ta ja shi ta cusa a motar 'yan sanda.

A bakin ruwa wani dattijo ne tsaye, gajere mai faɗin kafaɗa. Baba Abednego ke nan, tsohon mai nutso, shi ya koya wa duk mai wannan sana'a a yankin.

"Baba, kai ne mahaifin wanda bai fito ba?" in ji Sufeto.

"Ni ne. Thaddeus yarona ne."

"Me ya faru?"

"Ina cikin kwalekwale, ina riƙe da igiya. Ka tambayi wancan. Iskan shi ya ƙare, ya fizge na yarona daga baki."

"Ka gani da idonka?"

"Wa ke gani a ƙarƙashin wannan ruwa, oga? Shi ya faɗa da bakin shi, da iskan Thaddeus ya hau."

"Gawar fa?"

"Tana ƙasa. Ba mai iya sauka sai 'yata Clara. Tana Gwagwalada, ta taso da kayanta. Bari in je shago in ɗauko mata babbar tukunya."

Ya hau acaɓa ya tafi. Sufeto ya tsaya yana kallon ruwan, ransa a jagule. Duk inda aka yi kisa yakan tsuguna ya duba sawu, ya ɗaga wannan ya shinshina wancan. Yau ga wurin a gabansa, amma ko taku ɗaya ba zai iya yi a ciki ba.

Ya koma mota ya zauna kusa da Silas.

"Me ya sami iskarka?"

"Ƙarfen tifa ya yanke mini tiyo, oga. Iska ta zube gaba ɗaya."

"Ba ku da wata ta ko-ta-kwana?"

"Akwai. Kowa yana ɗaura ƙaramar kwalba a gefe, tana da nata tiyo, robar bakinta rawaya, a rataye ƙarƙashin haɓa. In babbar ta ba ka matsala, sai ka sa rawayan."

"To ina taka?"

Silas ya kawar da kai. "Ta kwance ta faɗi a ruwa."

Bai rufe baki ba Larai ta ƙwanƙwasa gilashi. A hannunta ƙaramar kwalba ce mai rawayan baki, a bushe ƙayau.

"Ƙarƙashin kujerar motarsa na same ta, yallaɓai. An rufe da tsumma."

"Ka ga kwalbar da ta faɗi a ruwa ta taso ta shige mota," in ji Sufeto. "Silas, mutanen can jininka suke nema, ni kuma kana yi mini ƙarya. Da me zan kare ka?"

Silas ya fashe da kuka.

"Na bar ta da gangan. Tana tokare ni in ina aiki da sufana. Baba bai gani ba, da ya gani da ya kore ni. Dokarsa ke nan, wanda ba shi da ƙaramar kwalba ba ya shiga ruwa. Ya taɓa marin Thaddeus a kan haka a gaban mutane."

"Sai ka fizge ta abokinka."

"Wallahi ban fizga ba! Haka Baba ya tsara mana kaya. Tiyon babbar tukunya dogo ne, don ka iya miƙa wa ɗan'uwanka. Wanda iska ta ƙare masa ya rikice, ba a ba shi abin da zai tsaya nema, wanda ke bakinka za ka ba shi, kai ka koma rawayan. Thaddeus da hannun shi ya cire ya sa mini. Ya sa rawayan, ya nuna mini agogon kwalbar, a cike take. Muka fara hawa a hankali."

"Sai me?"

"Mun yi nisa sai ya dafe kai. Na ga idon shi ta gilashi yana juyawa. Jikin shi ya saki. Na riƙe shi, na riƙe shi, oga, har na fara ganin haske a sama. Ya yi mini nauyi, ya suɓuce, tiyon ya fita daga bakina ya bi shi."

"Ka faɗa wa Baba wannan?"

"Tun a kwalekwale. Da na ce ya dafe kai bayan ya sa rawayan, sai Baba ya yi shiru, ya daɗe. Daga baya ya fara ihu wai na kashe masa yaro."

Sufeto ya ce wa kuratan kada su bar kowa ya kusanci motar. Shi da Larai suka bi sawun dattijon.

Shagon ɗaki ɗaya ne na kwano, ba taga. Tukwanen iska a jere, kowace da sunan mai ita. A kusurwa injin ɗura iska ne, da wani tiyo mai kauri da aka maƙale a bango, ta nan injin ke zuƙo iskar da yake ɗurawa. Baba Abednego yana duƙe da soso da bokiti, yana goge bangon.

"Baba, ɗanka na ƙarƙashin ruwa kana wankin bango?"

"Hannuna ne ya ƙi zama, oga. In na zauna zan haukace."

"Yaushe ka cika tukwanen?"

"Jiya. Manya da rana, ƙananan da yamma. Clara ta biyo ta ɗauki tata ƙaramar kwalbar."

"Da wace wuta?"

"NEPA."

Larai ta dubi ogan nata. "Yallaɓai, a layin nan nake zaune. Tun ruwan la'asar ɗin jiya ba mu ga wuta ba."

"To, na manta. Janareta na kunna," in ji Baba. "Ga shi can waje. Kullum a waje yake, bai taɓa shiga ɗakin nan ba."

Janaretan yana waje, gaskiya ne. Amma daga bakin ƙofa zuwa inda yake akwai sabon sawun abin da aka ja a cikin laka. Can sama kuma, inda hannun gajeren mutum ba ya kaiwa, bangon ya yi baƙi.

Sufeto ya ga sawun, ya ga baƙin, bai san inda zai ajiye su ba. Ƙarya dai an yi masa, amma ƙaryar janareta ina ruwanta da mutumin da ya mutu a gindin ruwa? Da ɓarawon mota ne ko ɗan damfara da tuni ya gano bakin zaren. Wannan sana'a kuwa ko sunan kayanta yau ya fara ji.

Wayarsa ta yi ƙara. Kurtu ne, yana cewa Clara ta iso, kuma jama'a sun ninka, sun fara jijjiga mota.

Suka sa babbar tukunya a but, suka koma tare da Baba.

Clara doguwa ce, ba ta yi kama da uban ba sai a kafaɗa. Ta riga ta sa baƙar rigar roba. Idonta ja, amma ba ta kuka.

"Hajiya, ko za ki jira mu nemo wasu masu nutso?" in ji Sufeto.

"Ba Hajiya ba ce, Clara ce. Daga ina za ka nemo su, oga? Legas? Ƙanena ba zai kwana a ruwa ba. Mama tana gida tana jira a kawo mata shi."

Sufeto ya ja baya yana kallo.

Baba ya ɗora mata babbar tukunya, ya ja maɗauri, ya buɗe iska, ya duba agogo. Ya zagayo da dogon tiyo ta bayan wuyanta. Hannunsa ya san aikin, ko kallo ba ya yi. Da ya zo kan ƙaramar kwalbar da ta zo da ita, sai ya kwance ta ya ajiye a ƙasa.

"Baba, me kake yi?"

"Za ta tokare ki wajen ɗaga shi. Sauka za ki yi ki hau, ba daɗewa."

"Ni kaɗai zan sauka, ba mai miƙa mini tiyo, kuma ka ce in bar kwalba? Kai?"

Ta sunkuya ta ɗauka, ta maƙale ta a gefenta, ta rataya rawayan a wuya.

"Clara, ki ji maganata."

"Maganarka nake ji. Tun ina ƙarama kake faɗa."

Ta ɗaga rawayan za ta kai baki, don haka ya koya musu, ana gwada kowane baki kafin a taɓa ruwa. Dattijon ya kai mata duka a hannu, robar ta fita tana lilo.

"Kada ki sha!"

Har masu jijjiga mota suka tsaya.

A nan ne abubuwan suka haɗu a kan Sufeto. Ya matso, ya ciro farin hankicinsa, ya ce wa Clara ta danna masa iskar a kai. Ta danna, ta daɗe. Da ya ɗaga hankicin akwai tabo ruwan toka a tsakiya. Ya kai hanci, ya miƙa mata.

"Warin salansa," in ji ta a hankali.

Larai ta kawo kwalbar Silas, aka gwada a ɗaya gefen hankicin. Tabo iri ɗaya.

"Baba Abednego," in ji Sufeto, "ina janareta yake lokacin da ka cika ƙananan kwalabe?"

Dattijon ya zauna daɓas a kan laka.

"Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Na ce kada ya jiƙe ya lalace, gobe akwai aiki. Na ja shi ciki, na bar ƙofa a buɗe, iska ta rufe ta. Ni ina rumfar mai shayi ina jira. Ƙananan ne, na ce ba za su daɗe ba." Ya dafe kai da hannu biyu. "Ni na koya musu kada hayaƙi ya kusanci tiyon nan. Ni da bakina."

"Yaushe ka gane?"

"Da Silas ya ce yaron ya dafe kai."

"Ka gane, ka nuna wa mutane Silas."

"In ce wa uwarsa me? In ce ni ne?"

"Da an kashe shi fa kafin mu iso?"

Baba ya juya yana kallon ruwan.

Clara tana tsaye da nauyin tukunya a bayanta. "Ka kira ni a waya, Baba. Ka ce in zo da kayana. Ba ka ce in bar kwalba ba."

"Na ce zan cire miki a nan. Ai na cire."

"Da na ari tukunya na shiga ruwa kafin ka dawo daga shago fa?"

Samarin suka fara zubar da duwatsu ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallon ƙasa. Larai ta buɗe wa Silas mota, ya fito ya tsaya, ba wanda ya iya haɗa ido da shi.

Sufeto ya tambayi Clara ko akwai inda za a sami wata kwalbar mai tsabta. Ta girgiza kai. Injin ya sha hayaƙi, sai an kwance shi an sauya masa matatar iska, kuma ba a samun ta nan kusa.

Baba ya miƙe da ƙyar. "Babbar tukunya lafiya take, da rana na cika. Ki sauka, Clara. Ki ɗauko shi. Ko ku ba ni, ni in sauka. Oga, don Allah, ka bar ni in ɗauko yarona, daga baya ka yi yadda kake so da ni."

Sufeto ya sha kama mutane, bai taɓa jin hannunsa ya yi nauyi kamar yau ba. Ya san in tsohon nan ya sauka ba fitowa zai yi ba. Ya dubi Clara, don ita kaɗai ke da ta cewa.

Ta daɗe tana kallon ruwan. Sannan ta kwance maɗaurin ƙirji, ta kwance na ciki, ta juya baya. Uban ya miƙa hannu zai tare mata tukunyar kamar yadda ya saba.

"Silas," in ji ta, "zo ka sauke mini."

Silas ya zo ya sauke. Ta cire rawayan daga wuyanta, ta sa wa uban a tafin hannu.

"Wanda ba shi da ƙaramar kwalba ba ya shiga ruwa, Baba. Thaddeus zai kwana."

Larai ta ciro ankwa, Sufeto ya girgiza mata kai. Ya kama dattijon a gwiwar hannu, suka nufi mota a hankali. Sau biyu Baba Abednego yana tsayawa ya waiwayi ruwan. A bakin mota ya juyo.

"Wa zai gaya wa uwarsa?"

Clara ba ta juyo ba. Ta zauna a bakin ramin, ta zura ƙafafunta a ruwa.

"Ni zan gaya mata," in ji Sufeto Badaruddeen, ya rufe ƙofa.