Ɗakin da Ba a Rubuta Ba

"Namiji baƙo ba ya shiga ɗakin surukata, ko daga Yamai aka turo shi."

Muryar Baba Abdulmumini ce daga zaure. Rahma tana tsakar gida tana tankaɗe, sai ta dakata da rariya a hannu.

Baƙon kuwa Muddassir ne, ana ce masa Mushe, wato malam da Faransanci, ma'aikacin wani kamfanin asirans, wato inshora, daga Maraɗi. Gazali, mijin Rahma, ne ya kira shi, tun da gobara ta bar wani abokin aikinsa da rigar wuyansa kaɗai. Gidansu a bakin Tasawa yake, hanyar Maijirgi, inda gari ya ƙare gona ta fara. Gaba siminti, baya laka, rumbu biyu a gefe, rabin katangar kuma zana ce.

"Baba, ba kallo zai kai ni ba," in ji Mushe. "Kuɗin asirans ba a yanke shi da ka, sai an san abin da ke cikin gida. In tsautsayi ya zo, abin da aka rubuta shi ake biya. Wanda ba a rubuta ba, sai dai haƙuri."

"To yanke daga nan inda kake zaune."

Gazali ne ya raba gardamar. Ya ce madam ta iya rubutu, ta lissafa kayanta da kanta, shi ya kai takardar biro, wato ofishinsu.

Da Mushe zai tafi sai ya ɗaga kai ya hangi rufin ɗakinta ta saman katanga.

"Wannan harawar ta wa ce?"

"Tawa ce," in ji Baba.

"Da an sauke ta. Wuta na son ta."

"Shekara sittin ina ɗora harawa bisa ɗaki, ban taɓa jin ta kira wuta da suna ba."

Aka yi dariya, aka yi sallama.

Bayan la'asar Rahma ta zauna bakin gado da takarda bisa cinya. Sai da ta yi aure ta shiga makarantar manya, don haka har yanzu alƙalami nauyi yake yi mata. Ta rubuta gado da katifa. Ta rubuta armuwar ta ajiyar tufafi, da keken ɗinki, da jeren kwalla uku, da akwatin zannuwa. Kowane layi sai ta tsaya ta dubi abin.

Shanu uku Innarta ta kora kasuwar Mayahi, ɗaya bayan ɗaya, kafin ɗakin nan ya cika. Wata huɗu da biki Inna ta rasu. Ba ta bar gona ba, ba ta bar gida ba. Duk abin da ya rage wa Rahma na uwarta yana tsakanin bangon nan huɗu.

Gazali ya shigo ya leƙa ta kafaɗarta.

"Rahamata, rubutunki ya fi na lokotoron asibiti kyau."

"Yaya, kar ka yi mini dariya."

"Wallahi da gaske nake. Ga 'kwalla' nan a tsaye kamar soja."

Ta yi murmushi ta miƙa masa. "Nawa ya ce?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "Gini da moto da panno na hasken rana, jika arba'in a shekara. In an ƙara rumbu, goma sha biyar. In an ƙara kayan ɗakinki, wata jika goma sha biyar..."

"In sun yi maka nauyi, sai in sayar da akuyata. Na ɗakina ni in biya."

"Haba, hasken raina. Ina raye matata ta kai akuya kasuwa saboda ni? Mi za a ce da ni a garin nan?"

Ya ninke takardar ya sa aljihu. Bayan sati guda, tana zuba masa ruwan wanka, ta tambaye shi.

"An saka na ɗakina?"

"An saka."

Ya faɗa yana kallon idonta. Ba ta sake tambaya ba.

Bazara ta shigo, manoma suka fara sharar gona. Ranar wata Lahadi Rahma tana cikin gari wurin suna, maƙwabcinsu na gabas ya tara kara ya cinna masa wuta, ya tafi sallar azahar. Iska ta juya. Wuta ta kama zana, daga zana ta haye harawa, daga harawa ta sauka cikin azara.

Ko da Rahma ta iso da mayafi a hannu, rufin ya riga ya rufta. Rumbu ɗaya ma ya tafi. Mata suna ta jan bokiti, hayaƙi na fita ta inda taga take a da.

"Allah ya mayar da alheri, Rahma."

"Amin."

"Ke kuwa ko hawaye babu?"

"An rubuta su," ta ce a hankali. Matan suka ɗauka ƙaddara take nufi, ita kuwa takardarta take nufi. Ta san kamfani ba zai dawo da hannun Inna ba. Amma ko ba komai za ta sake jera ɗaki da sunan shanun nan uku, ba za a ce wahalar tsohuwa ta tashi a hayaƙi ba.

Bayan kwana biyar Mushe Muddassir ya zo. Wannan karon ba wanda ya hana shi shiga, don babu ɗakin. Ya ɗauki hoton toka, ya auna rumbu, ya buɗe takardunsa bisa sirdin moto. Rahma ta ja hijabi ta matso, abin da ba ta taɓa yi ba gaban surukinta.

"Mushe, gafara dai. Kayan ɗakin fa?"

Ya juya shafi, ya sake juyawa.

"Madam, ginin ɗakin yana ciki. Rumbu biyu da hatsinsu suna ciki. Moto, panno..."

"Na ciki nake nufi. Da hannuna na rubuta."

Mushe ya ɗago kai. Ya dubi Gazali, sannan ya mayar da kansa kan takarda.

Rahma ma ta juya ta dubi mijinta. Shi kuwa ƙasa yake kallo.

Ta jira sai da baƙo ya tafi, Baba ya wuce masallaci. Ta sami Gazali tsaye bayan rumbun da ya tsira.

"Yaya."

"Rahamata, ki saurare ni..."

"Ina saurare. Ai shi na iya."

"Albashin bai kai na rumbu da na ɗakinki duka ba, ɗaya kaɗai zai ɗauka. Na kai wa Baba maganar. Ya ce rumbu cikin kowa ne, kayan mace kuwa nata ne, danginta suka yi mata, ba a wuyan miji suke ba. Ya ce in na bar hatsinsa na zaɓi kwalla, kar in sake kiransa uba."

"Na ce maka in sayar da akuyata."

"Kunya na ji."

"Kunyar wa?"

Ya kawar da kai.

"Kunyar mutanen kasuwa ka ji, ba ka ji tawa ba." Muryarta ba ta ɗaga ba. "Da ka tambaye ni, ni ma rumbu zan ce. Hatsin nan ni ke daka shi, ni ke ci. Ba zaɓin ne ya ƙona ni ba, Yaya. Ka dubi tsakiyar idona ka ce an saka."

"Na yi niyyar in ƙara shi baɗi, wallahi. Ban zaci..."

"Ni ma ban zata ba."

Ya kamo hannunta. Ba ta fizge ba, ba ta kuma riƙe nasa ba, har ya gaji ya saki.

Kuɗi suka fito bayan wata biyu. Aka tada rumbu, aka rufa ɗaki da kwano. Baba ya kira ta zaure ya ce ƙaddara ba ta da magani, mace ta gari da haƙuri aka san ta. Ta durƙusa ta ce to. Gazali ya sayo sabon gado, ya fi na da tsada, ya kafa shi da kansa yana ta zufa.

"Kin gani? A hankali zan cika miki shi, abu ɗaya ɗaya. Na rantse."

Ta duba ta ce an gode. Ta shimfiɗa tabarma a ƙasa.

Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani. Tana dafa masa, tana gaishe shi, tana yi masa addu'a in zai fita. Amma duk abin da ya faɗa, ko cewa ya yi ruwa zai sauko, sai ta ji zuciyarta ta tsaya tana auna maganar. Da damina ta yi nisa ta gane ba za ta iya rayuwa tana auna mijinta ba.

Ta roƙi Gazali takardar saki. Ya yi kuka kamar ba namiji ba. Sau uku yana ɗaukar alƙalami yana ajiyewa kafin ya rubuta.

Gwaggo Halimatu, ƙanwar Inna, ita ta zo daga Atantane. Rahma ta gaya mata an yi gobara, amma ba ta taɓa gaya mata iyakar ɓarnar ba. Don haka tsohuwa ta sauka tasha ta ɗauko amalanken jaki har biyu, yadda aka saba in za a kwashe kayan mace. Ita ce ta jera ɗakin ranar biki, ta san yawansa.

Ta tsaya ƙofar ɗaki ta leƙa. Ta daɗe.

"Ina kayan, ɗiyata?"

Rahma ta ɗaga ƙullin da ke hannunta. Zane biyu ne da hijabi.

Gazali ya matso. "Gwaggo, ku ɗauki gadon. Nata ne, don ita na saya."

"Ɗana, mu abin da muka kawo muka zo ɗauka."

Ta fita ta sallami mai amalanke ɗaya, ta ba shi haƙuri. Ɗayan ya riga ya kwance igiyoyinsa ya shimfiɗa buhu don kar kaya su kuje. Ya dubi matan biyu, ya dubi ƙullin, sai ya naɗe igiyarsa.

Rahma ta hau ta zauna tsakiyar amalanken, wuri ya rage gaba da baya. Gazali ya biyo su har bakin hanya yana kiran sunanta. Ta ji shi sarai.

Sai da suka wuce gonar ƙarshe Gwaggo ta jawo kanta ta ɗora bisa kafaɗarta.

"Yi kukanki yanzu. Ba mai ganinki sai jaki."